Wanzami ba ya son jarfa: amsa ga mai zanen da aka yi wa tayin koyon tatu

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Zariya ce, shekarata 27, ina zaune a Manchesta ta ƙasar Ingila. Zane na karanta a gida, na zo nan na yi digiri na biyu a kan zanen littattafai. Sai da Ummana ta sayar da filinta da gwala-gwalanta kafin kuɗin makaranta ya cika. Yanzu na gama, saura wata 14 bizar da ake ba waɗanda suka kammala karatu ta ƙare. Kasuwar zane ta faɗi. Waɗanda a da suke ba ni bangon littafi ko fasta, yanzu kwamfuta suke sa wa ta zana musu. Da dare ina aiki a wani gidan ajiye kaya don in biya haya.

Wata biyu da suka wuce na kai zanena wata kasuwar masu fasaha. Wani Bature mai shagon tatu ya daɗe a teburina yana kallon waɗanda na yi da salon lalle. Ya ce hannuna ba ya rawa, irina yake nema. Ya ce in zo in koya: shekarar farko babu biya, zan riƙa shara da karɓar baƙi, ina zana musu samfuri suna yi wa mutane, bayan nan mu riƙa raba kuɗi biyu. Ya ce masu zane da yawa sun koma tatu sun huta da talauci.

Anti, na san abin da addini ya ce, ni kaina ba zan taɓa yarda a yi mini ba. Amma ai waɗanda zan yi wa ba Musulmi ba ne. Ban gaya wa Umma ba, na yi tunanin in ce mata shagon zane ne kawai. Ga kuma ƙawata da muke gida ɗaya, Kirista ce 'yar Jos, mahaifiyarta ta rasu bara. Tana son a yi mata tatu na tunawa da ita, ta ce ni zan zana, kuma in na koya ita za ta fara miƙo mini hannunta. In hakan bai yiwu ba, in taya ta zaɓar wanda zai yi mata. Kaina ya kulle. Me zan yi?

Wata baiwar Allah, daga Manchesta

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya saka wa Umma da alheri, ya ba ƙawarki haƙurin rashin da ta yi, ke kuma ya buɗa miki.

Na fahimci yadda maganar mutumin nan ta shige ki. Kin yi watanni kina aika zane ba wanda ya ce miki ko sannu, kina ɗaukar kwali cikin sanyin dare, sai ga wani ya tsaya ya ƙura wa aikinki ido ya ce irinki yake nema. Ko ni ce sai na tafi gida da maganar a raina. Kuma faɗuwar kasuwar da kike gani ba laifin hannunki ba ne. A binciken da ƙungiyar marubuta ta Birtaniya, Society of Authors, ta yi wa mambobinta a 2024, kashi 26 cikin 100 na masu zanen littattafai sun ce sun riga sun rasa aiki saboda ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin kwamfutar nan da ke zane da rubutu da kansu. Tatu kuwa har yanzu sai mutum ya zo da jikinsa ya zauna a gaban mutum, shi ya sa masu zane ke kwarara can. A nan Baturen bai yi miki ƙarya ba.

Sai dai akwai jimla ɗaya a wasiƙarki da na kasa wucewa, inda kika ce ke ba za ki taɓa yarda a yi miki ba. Hausawa suka ce wanzami ba ya son jarfa, kuma ba yabonsa suke yi ba. A shagunan tatu al'ada ce sananniya, bayan ɗan koyo ya gama gwaji a kan fatar roba da ɓawon lemo, fatar mutum ta farko da zai sa wa allura tasa ce, galibi a cinya, don ya ji a jikinsa abin da zai riƙa yi wa mutane. Ko da wannan maigidan ya ɗage miki, masu shigowa shago hannun mai yi suke fara kallo. Sannan na sake karanta wasiƙar daga sama har ƙasa ina neman inda kika ce tatu yana burge ki, ko kin taɓa tsayawa kina sha'awar aikin wani gwani a cikinsa, ban samu ba. Haya na gani, da biza, da filin Umma. Masu zanen da suka koma tatu suka zauna da gindinsu, yawancinsu tun kafin yunwa ta koro su suke son abin, jikinsu ma ya nuna. Ke gudu kike yi, wannan ce ƙofar da kika tarar a buɗe.

Bari in ɗan daɗe a kan sana'ar kanta, don "hannunki ba ya rawa" rabin magana ce. Gaskiya ne akwai dangantaka tsakanin alƙalami da injin tatu. Injin farko da aka yi wa rajista, na Samuel O'Reilly a birnin New York a 1891, daga wani alƙalamin lantarki da Thomas Edison ya ƙera don kwafar takardu aka samo shi. Amma takarda ba ta numfashi, ba ta zabura, ba ta jini. Fata tana yin duka ukun. Dole allura ta ratsa fatar sama ta ajiye tawada a ta ƙarƙashinta, zurfin da bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, ɗaya hannun yana miƙe fatar, mai jikin yana cije leɓe. In kika tsaya sama-sama zanen zai zube, don fatar sama kullum cikin sabuntawa take. In kika zurfafa, tawadar ta bazu kamar an ɗiga ta a kan jiƙaƙƙen tsumma, kuma babu abin gogewa. Fatar wuyan hannu daban, ta haƙarƙari daban, ta dattijo daban da ta matashi. Bayan haka, ƙwayoyin garkuwar jiki ne ke haɗiye tawadar su riƙe ta a wurin, shi ya sa ba ta fita, shi ya sa kuma kowane layi yake ƙara kauri da shekaru. Wannan ya shafe ki kai tsaye. Kyawun zanen lalle a cushewarsa yake, siraran layuka kusa da kusa, furen nan cikin wancan. Lalle fatar sama kaɗai yake rinawa, kafin wani abu ya dame ya riga ya goge cikin mako biyu zuwa uku. Irin wannan cushewar a tatu, bayan shekara 10 layukan na iya haɗewa su zama dunƙule ɗaya. Wato abin da ya ja hankalinsa a teburinki, shi ne abin da za a fara sa ki ki kwance ki sake koyo.

Ga kuma jini. Rabin aikin mai tatu aikin tsabta ne irin na ɗakin sha-ka-tafi: safar hannu, naɗe kujera da waya da leda, turara ƙarafa a na'urar kashe ƙwayoyin cuta, zubar da allura a mazubinta na musamman, saboda ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau duk ta jini suke bi. Shi ya sa koyon yake ɗaukar shekara 1 zuwa 3, kuma shekarar shara ba tare da biya ba tsohuwar al'adar sana'ar ce. Mu ma ba baƙuwa ba ce a wurinmu, ɗan wanzami sai ya shekara da shekaru yana ɗaukar wa ubansa zabira kafin a damƙa masa aska. Bambancin shi ne ɗan wanzami a gidan ubansa yake ci yake kwana, ba mai gidan haya da ke jiransa ƙarshen wata.

To mu yi lissafi, ƙanwata. Wata 14 gare ki, wata 12 babu biya. Saura 2. A cikin shekarar nan da rana kina shago, da dare kina gidan ajiye kaya, yaushe za ki zana naki? Bizar da kike kai ba a sabunta ta. Wadda ake komawa ta ma'aikata tana buƙatar wurin aiki mai lasisin ɗaukar nauyin baƙo, da albashi tsayayye da ya kai adadin da hukuma ta gindaya. Masu tatu kuwa akasarinsu zaman kansu suke yi, kujera suke haya ko su raba ciniki da mai shago, kamar dai yadda ya faɗa miki. Raba kuɗi biyu ba albashi ba ne. Abin da nake hango miki shi ne ki ƙarar da sauran lokacinki kina sharar shagon wani, ranar da za ki fara cin moriya kuma ki haɗa akwati, ki sauka Zariya da sana'ar da ba za ki iya kafa wa allo a Tudun Wada ba.

Ba na so in zalunci mutumin nan, wataƙila tsakani da Allah ya ga baiwa yana son ya raine ta. Amma ki lura da wani abu a tayinsa: tun ranar farko za ki riƙa zana samfuri, ma'aikatansa suna bugawa a jikin mutane suna karɓar kuɗi, ke ba ko fam ɗaya. Shara ladan koyo ce, na yarda. Zane kuwa ba koyonsa za ki yi a wurinsa ba, da digiri biyu kika zo, hajarki ce. A dokar ƙasar, haƙƙin mallakar zanen da kika yi da kanki naki ne, sai in kin sa hannu kin sallama, ko kin yi shi a matsayin ma'aikaciyar wani. Haka nan wanda ake sa wa lokacin zuwa da tashi yana aikin da shago ke amfana da shi, yana iya cancantar mafi ƙarancin albashi ko da an kira shi ɗan koyo, kuma ƙungiyar taimakon jama'a ta Citizens Advice da hukumar sasanta ma'aikata da masu aiki ta Acas suna ba da shawara a kan irin wannan kyauta. Da za ki gwada shi, tambaya uku sun isa. Mutum nawa ya koyar, suna ina yanzu, zai ba ki lambarsu? Zai rubuta yarjejeniya da ta faɗi watan da za ki fara riƙe inji da kuma wanda ya mallaki zanenki? Yana da lasisin ɗaukar nauyin biza? Mai gaskiya ba ya jin haushin irin waɗannan tambayoyi.

Na ajiye maganar addini zuwa nan da gangan, don kada ki ce da wa'azi na tare ki. Amma ba zan sassauta miki ita ba, tunda ke kika kawo ta. Hadisin yana cikin Buhari da Muslim, daga Abdullahi ɗan Umar da Abdullahi ɗan Mas'ud, an la'anci mai yin jarfa da wadda ta nemi a yi mata. Ki duba jerin: mai yi aka fara ambata, kuma lafazin bai ce sai in wadda ake yi wa Musulma ce ba. A Risalar Ibn Abi Zaid ma, wadda ake karantawa a zaurukan garinku, an hana mata ƙarin gashi da jarfa a jimla ɗaya. Kakanninmu sun yi jarfa da tsaga, wasunmu mun taso mun ga tsofaffi da ita a kumatu, Fulani mata da baƙin leɓe, amma karatu ya yi ta rage ta, har dokar kare haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003 ta haramta yi wa yaro tsaga ko tatu. Akwai togaciya, don a ruwayar Abu Dawuda daga Ibn Abbas an ce in ba don cuta ba, shi ya sa malamai ke bambanta ado da magani, kamar ɗigon da ake yi wa mai ciwon daji don saita wurin da na'ura za ta gasa da haske, ko gyaran kamannin mama bayan tiyata. Abin da aka yi miki tayi ba wannan ba ne. In kika shiga intanet za ki ci karo da waɗanda suka halatta, cikinsu har da manyan malaman Shi'a irin su Ayatullahi Sistani. Kowace mazhaba mutum yake bi, ya bi ta don ya gamsu da ita, ba don ƙarshen wata ya matso ba. Ki sami malamin da kika amince da iliminsa tun kafin wannan matsalar ta taso, ki zayyana masa komai ba ragi. Ni dai abin da na gani shi ne zuciyarki ta riga ta ba ki amsa, "ai ba Musulmi ba ne" ɗin nan lallashinta kike yi. Sana'ar da za ki shiga kullum da safe kina lallashin zuciya, ko ta kawo kuɗi ba za ki ji daɗin cinsu ba.

Sai Umma. Kada ki ce mata shagon zane ne. Mai tatu a yau da Instagram yake cin abinci, da sunansa da fuskarsa da hoton kowane aiki, kuma kin san 'yan uwa, wata 'yar goggo ce za ta gani ta tura gidan WhatsApp na dangi kafin ki farka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Abin da zai fi ƙona mata rai a ranar ba tatu ba ne, a ce 'yarta ta shekara tana yi mata ƙarya a waya. Ina kuma zargin ko aikin daren ba ki gaya mata ba, kina ce mata komai lafiya lau. Nauyin filin nan ne yake danne ki, kina ganin bashi ne da dole ki biya da fam kafin ki isa ki ce kin gaji. Uwar da ta sayar da gwal ɗinta ba hannun jari ta saya ba, 'yarta take so ta zama mutum. Ki kira ta ranar da kika huta, ba kina fitowa daga aiki muryarki a dishe ba, ki ce, "Umma, kasuwa ta yi wuya, ga abin da nake yi da dare, ga tayin da aka yi mini, ga abin da na yanke, ki sa mini albarka." In kina tsoron kada hankalinta ya tashi, ki fara da yayarki ko ƙanwarta da take jin maganarta. Wataƙila ta yi kuka, wataƙila ta ce ki tattaro ki dawo. Duk da haka za ki kwana da sauƙi a ƙirji.

Kada ki ce na rufe ƙofa na bar ki a waje. Baturen nan ya ba ki labari mai tsada kyauta: salon lallenki yana tsayar da mai wucewa. To ki sayar da shi ta inda bai saɓa miki ba. Kina garin da ke cike da 'yan Pakistan da Bangaladash da Somaliya da Sudan da Larabawa, daga Rusholme da Longsight zuwa Cheetham Hill da Moss Side, mutanen da ba sa aure ko salla sai da lalle, kuma daren jajibirin salla layi ake yi. Bizarki ta yarda ki yi sana'ar kanki, sai dai in cinikin shekara ya haura fam 1,000 ki yi rajista da hukumar haraji. Jari bai wuce garin lalle mai kyau da leda da waya ba, kuma daga ranar farko kuɗin naki ne. Gargaɗi ɗaya: ki bar dayis a gida. Baƙin lallen da muka saba da shi yawanci sinadarin rinin gashi ne mai suna PPD, yana ƙona fata ya bar tabo, yana iya sa mutum ya kasa rina gashi har abada, kuma a ƙasar da kike an hana shafa shi a fata. Mai son baƙi ki nemo mata jagwa, ruwan wani ɗan itace na Kudancin Amurka da ke ba da shuɗi mai duhu ya goge cikin mako biyu, shi ma ki fara gwada ɗan kaɗan a fatarta.

Kuma ki tuna daga inda kika fito. A Zariyar nan taku, a 1958, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko da Yusuf Grillo, suka ce ba za su zauna suna kwaikwayon Turawa kawai ba. Uche Okeke ya ɗauki uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, ya hau da shi kan takarda, da shi duniya ta san shi. Shi daga fata ya kai zane takarda. Ke kina da lalle, da zayyanar allo, da aikin aska takwas na wuyan riga, da adon bangon gidajen birni, taskar da kwamfuta ba ta ƙoshi da ita ba balle ta amayo ta daidai. Ki ware wata uku ki haɗa zane 12 zuwa 15 masu murya ɗaya, ki daina nuna wa masu saye ɗan wannan da ɗan wancan. Ki shiga ƙungiyar masu zane ta Association of Illustrators, suna taimaka wa mambobi da farashi da duba yarjejeniya. Ki aika wa masu buga littattafan yara da ke neman fuskar Afirka, irin su Cassava Republic da ke da ofis a Abuja da Landan. Ki buga katin biki da hotunan bango ki koma kasuwar nan da su. Akwai kuma bizar Global Talent wadda hukumar raya fasaha ta Ingila, Arts Council England, ke tantance masu fasaha a kanta, abin da suke dubawa baje koli ne da kyaututtuka da abin da aka rubuta a kan aikin mutum. Tana da wuya, amma kowane wata da kika ba wa zanenki yana ƙara miki hujja, wanda kika ba wa tsintsiya kuwa ba ya ƙara komai. Ki ga mai ba da shawarar shige da fice mai rajista tun yanzu, kada ki bari sai saura wata biyu. In kuma ƙarshenta gida ne, kin koma da abokan ciniki da za su biya ki da fam kina zaune a ɗakin Umma. Shi kuma mai shago ki gode masa da kyau, ki ce kin duba ba hanyarki ba ce, ba sai kin yi masa dogon bayani ba.

Yanzu ƙawarki. Baligar mace ce, jikinta ne, addininta daban, Kiristoci ma sun rabu a kan ayar Littafin Firistoci 19:28 da ta hana yin zane a jiki, wannan tsakaninta ne da fastonta. Abin da ya rage naki shi ne kada ki zama mai yi mata, ko da kin koya. Aikin farko na ɗan koyo shi ne mafi muni a rayuwarsa, ita kuma abin tunawa da uwarta za ta ɗauka a jikinta. In layi ya karkace, kullum ta kalli hannunta ke za ta tuna, ba marigayiya ba. Batun ki zana mata a takarda ta kai a buga, ki haɗa shi cikin tambayar da za ki yi wa malam, in kuma ranki bai kwanta ba ki gaya mata cikin taushi. 'Yar Jos ce, ta san mu, za ta gane ba ƙyamarta kike yi ba.

Amma ki tsare ta daga cutuwa, wannan haƙƙin zaman tare ne. Kada ta je wurin mai yi a ɗakin kwanansa da injin da ya saya a intanet don ya fi araha. Shagon kirki yana da rajista da ƙaramar hukuma, takardar a manne inda kowa zai gani, kuma zai nemi shaidar shekaru, don tun 1969 doka ta hana yi wa wanda bai kai 18 ba. Ta ga an ɓare sabuwar allura a gabanta, an zuba tawada a ɗan ƙaramin mazubi da za a yar bayan an gama, an sa sabuwar safar hannu. Wannan duk mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne samun wanda ya iya baƙar fata. Yawancin hotunan da suke bajewa na farar fata ne, an ɗauka minti biyar bayan an gama, tawada tana sheƙi. Ta ce a nuna mata aikin da ya warke ya shekara, a jikin mai launinta. Tawada a ƙarƙashin launin fata take zama, kamar ana hango ta ta gilashi mai duhu, don haka launuka masu haske suna dusashewa, ƙananan rubutu suna cushewa, gwani zai ce mata a ƙara girma a buɗa tsakanin layuka. Wanda ya ce duk fata ɗaya ce, ta yi masa sallama. Wanda kuma ya iya ba zai ji haushi don ta zo hira kawai ta tafi ta yi tunani ba, kuma ta zaɓi wanda salon da take so shi ne abincinsa, don gwanin manyan dodanni ba lallai ya iya siririn fure ba.

Ta duba jikinta ma. In hujin kunne ko wani tsohon ciwo ya taɓa yi mata tabo mai tsiro ya yi tudu, wanda likitoci ke kira keloyid kuma ya fi yawa a baƙar fata, ta ga likita kafin allura ta taɓa ta. Haka in tana da sikila ko ciwon suga ko wata cutar fata. Jar tawada ta fi kowace jawo ƙaiƙayi da kumburi. In tana ba da jini, sai ta jira wata 4 bayan an yi. Kada kuma ta shiga da tunanin in bai yi ba a goge: gogewa da leza, wato na'urar da ke farfasa tawadar da haske, zuwa ne bayan zuwa, makonni a tsakani, ta fi yin tsada nesa ba kusa ba, kuma a fatarmu tana iya barin wurin ya yi fari.

Abu na ƙarshe da zan so ki yi mata shi ne ki sa ta jinkirta. Shekara ɗaya da rasa uwa, ciwon ɗanye ne, abin da take so a yau ba lallai shi za ta so baɗi ba. A nan ne hannunki zai yi mata amfanin da babu mai shagon da zai yi. Ki kwaɓa jan lalle ranar Asabar, ki zaunar da ita, ki tambaye ta wane fure mamanta take so, wane zani ta fi ɗaurawa, me take kiranta da shi tana ƙarama. Ki zana mata a daidai wurin da take son tatun, a girman da take so. Ta yi mako biyu tana zuwa aiki da coci da shi, ta ga yadda take ji in mutane sun tambaya. In ya goge ki sake mata wani, ki matsar da shi ko ki rage, har sai ta san abin da take so. Wanda ya fi kwanta mata ki fitar mata da shi a takarda mai kyau, da sunan marigayiya a ƙasa, ki sa a firam ta rataye a ɗakinta.